Wai grafin zai kori silikon daga cikin salula?

Mai gyaran salula: Salamu alaikum jama'a. Wani yaro ya zo rumfata a Kasuwar Dole yana rantsuwa wai silikon, sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar salula da shi, ya gama yayi, grafin ne zai gaje shi. Na ce masa gani a ƙasa.

Ɗaliba: Yaya, yaron bai yi ƙarya ba. Grafin shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin zarra na kabon, daga irin baƙin cikin fensir. Sai an jera kusan miliyan 3 kafin a kai kaurin milimita 1. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro shi da salatif a Jami'ar Manchesta, a 2010 aka ba su Nobel. Gudun lantarki a cikinsa, silikon ko ƙurarsa ba ya gani.

Malamin fiziks: Ƴata, gudu ba shi ne aikin ba. Taransiston da ake yi da silikon makunni ne, ya buɗe ya rufe, daga nan 1 da 0 da kwamfuta ke aiki da su suke fitowa. Shi grafin ba ya rufuwa. Famfo ne da kin murɗe har ƙarshe yana ta zuba. Mu ƴan Damagaram da muka san kuɗin jarka, wa zai sayi wannan famfo?

Ɗaliba: Malam, na yarda da wannan. Amma ai ba grafin kaɗai ba ne. MoS2, wani sinadari haɗin molibdenum da farar wuta, shi ma siriri ne, kuma yana rufuwa. Tun 2011 aka yi taransisto da shi a Lozan ta Suwizalan.

Malamin fiziks: An yi. A 2025 ma Jami'ar Fudan ta Sin ta haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, taransisto 5,900. Ta salular da ke hannunki biliyoyi gare ta. Yin guda a ɗakin gwaji daban, buga miliyoyi ba tabo daban. Tarayyar Turai ta ware wa grafin shirin yuro biliyan 1 tun 2013, har yau silikon na kan kujerarsa.

Mai gyaran salula: Ni fa zafi ne ciwona. Watan Afrilu batura kumbura suke kamar fanke.

Ɗaliba: To nan ya riga ya shigo, Yaya. Huawei ta sa fallen grafin mai janye zafi a Mate 20 X tun 2018.

Malamin fiziks: Wato mafici aka ba shi, ba sarauta ba.

Ɗaliba: Malam, a yau. Ban janye ba.

Mai gyaran salula: Ku ci gaba, an kawo mini wata da ta faɗa randa.