Sarin ƙananan kaya a sayar ta waya: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yadda ake sarin ƙananan kaya a sayar ta waya.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da kaya marasa nauyi da ba sa lalacewa: mayafi, turare, caja, rigar waya. Mutanen Kano sun ambaci kasuwar yadi ta Kantin Kwari da kasuwar waya ta Farm Centre wajen sari.

2. An ce status ɗin WhatsApp ya fi kawo ciniki, tunda masu kallo sun san ka. Ka ɗauki hoton kayan da kanka, da rana, ka rubuta farashi.

3. Kada kaya ya bar hannunka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun shiga. Alat na bogi ya cuci mutane da dama. Kuɗin aike ta tasha kuma a daidaita wanda zai biya tun farko.

4. Kan bashi an rabu. Wasu suka ce 'yan uwa ba a hana su, wasu suka ce shi ke cinye jari. Ni ina tare da na biyun.

5. Masu cewa sana'ar ba wahala 'yan kaɗan ne. Yawanci sun ce amsa saƙonni har tsakar dare aiki ne sosai.