Shawarwari kan auna zurfin tafkin Lagdo da jirgin ruwa maras matuƙi

Waɗanda suka tattauna a Garwa, ƙasar Kamaru, kan yadda za a auna lakar da ke cike madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, sun fifita ƙaramin kwale-kwale maras matuƙi a kan na'ura mai nutsewa, domin siginar GPS, mai nuna wurin da na'ura take, ba ta ratsa ruwa. Kwale-kwalen yana aika sauti ƙasa, ya lissafa zurfi daga jinkirin dawowar amon. Sun ce a yi aikin a ƙarshen damina, tafki cike, ana rubuta tsayin ruwa kullum, in ba haka ba awon ya tashi a banza. Shawarar da ta fi nauyi a ganina ita ce a fara sanar da masunta, don koma ɗaya ta isa ta naɗe farfela.