Zan koma iPhone daga Android: ta ina zan fara don kada in rasa hirarrakin WhatsApp da hotuna?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Wayar da nake riƙe da ita Samsung ce, da mimori mai 64GB a ciki wanda ya kusa cika da hotuna da bidiyo. Zan koma iPhone 13 mai 128GB, tana nan a kwalinta, ko kunna ta ban yi ba. Abin da ya fi damuna WhatsApp ne: hirarrakin shekara biyar, har da na aiki, kuma kullum ana ajiye kwafinsu a Google Drive. Idan na sa layina a iPhone na buɗe WhatsApp, za su dawo kamar yadda suke dawowa in mutum ya canza daga Android zuwa Android? Sai lambobin mutane, da manhajar banki, da Google Authenticator mai ba ni lambobin tsaro na shiga asusuna. Tsohuwar wayar kuma ƙanena zan ba, to yaushe ya kamata in goge ta?

Mai Sukudireba

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Koyo. Ka kyauta da ba ka kunna ta ba, domin ƙofar shigo da kaya daga Android a lokacin saitin farko kaɗai take buɗewa. Wanda ya wuce wurin, sai ya goge iPhone ɗin kakaf ya faro daga tushe.

Hirarrakinka ba za su dawo daga Google Drive ba. WhatsApp na iPhone iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, kawai ya sani, na Android kuma Google Drive, kuma babu mai karanta ajiyar ɗan'uwansa. In ka sa layi ka yi rajista kai tsaye, zaurukan da kake ciki za su fito, amma fanko, babu tsohon saƙo ko ɗaya. Hanyar da WhatsApp ɗin kansa ya yarda da ita ita ce Move to iOS, manhajar Apple da ke Play Store. Tun 2015 take, amma sai a 2022 ta fara ɗaukar WhatsApp. Dole lambar ta zama ɗaya a wayoyin biyu, kuma WhatsApp ɗin ya zama na asali. Masu amfani da irin su GB WhatsApp ba za su ga zaɓin ba sam.

Ka sabunta WhatsApp a Samsung, ka sauke Move to iOS, ka jona wayoyin biyu a caji. Kunna iPhone ka bi saitin har ka iso shafin da ke tambayar inda za a kwaso manhajoji da bayanai, ka zaɓi daga Android. Za ta nuna maka lamba mai ƙwaya shida ko goma, ka shigar da ita a Samsung. Daga nan jerin abubuwa zai fito, ka danna WhatsApp, ka bari ya haɗa kayansa. Da ya gama zai fitar da kai daga asusunka a Samsung, kada wannan ya tsorata ka, haka tsarin yake.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne a tsakiya, kuma sanadin kusan ɗaya ne. iPhone ce ke buɗe wani Wi-Fi nata na wucin gadi, Samsung ta hau kai. Wannan Wi-Fi ɗin babu intanet a cikinsa. Da Samsung ta lura, sai ta ɗauka ya mutu, ta sauka ta koma kan datar layi, aikin ya tsinke. Don haka kafin ka fara, ka kashe data, ka kashe VPN in akwai, ka shiga saitin Wi-Fi ka kashe zaɓin nan na Switch to mobile data. Kira ma yana katse shi, fita daga manhajar ma haka. Mafi sauƙi ka sa Samsung a yanayin jirgi sannan ka kunna Wi-Fi shi kaɗai. Kuma ko Samsung ta ce ta gama, kada ka taɓa komai sai zaren da ke tafiya a fuskar iPhone ya kai ƙarshe.

Shawarata kada ka zaɓi hotuna da bidiyo a wannan zangon. Ka ɗauki WhatsApp da saƙonnin tes da kalanda, shi ke nan. Gigabait sittin ta wannan Wi-Fi ɗin aikin awanni ne, kuma in ya tsinke saura kaɗan, goge iPhone za ka yi ka sake. Ga kuma lissafin wuri: 128GB ba duka ne naka ba, iOS na cin nasa kaso, kuma iPhone ba ta da gurbin mimori ko kaɗan. Ka shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, Manage storage, ka ga nauyinsa, ka share manyan bidiyoyin da aka yi ta turowa a zauruka. Hotunan mimori kuwa ka kwafe su zuwa kwamfuta ko ma'ajiyar waje (hard disk), daga baya ka zaɓi waɗanda kake son yawo da su.

Bayan an gama saiti sai ka mayar da layin cikin iPhone, ka sauke WhatsApp daga App Store, ka yi rajista da lambar, ka danna Start idan ya ce ya ga kayan da aka kawo. In ka taɓa sa lambar sirrin nan mai ƙwaya shida ta tabbatarwa mataki biyu, ka tuno ta tun yanzu, za a tambaye ka. Tarihin kiran WhatsApp ba ya biyowa, sunanka ma sai ka sake rubutawa.

Malama Mai Lissafi

Bayanin Malam Mai Sukudireba ya yi daidai, sai abu ɗaya da ya shafi wannan wayar musamman. Ɗaukar WhatsApp na buƙatar iOS 15.5 ko sama. iPhone 13 ta fito a 2021 da iOS 15, don haka wadda ta daɗe a kwali tana iya zuwa da sigar da ba ta kai ba. In ka ga Move to iOS bai nuna WhatsApp a jerin ba, kada ka ci gaba. Ka saita iPhone ɗin ba tare da ɗaukar komai ba, ka sabunta iOS, sannan ka shiga Settings, General, Transfer or Reset iPhone, ka goge ta ka faro. Gogewa ba ta mayar da tsohuwar siga.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai a tambayarka shi ne Authenticator, ɗan'uwa. Hoto in ya ɓace an yi asara, amma lambobin nan in suka tafi da wayar da aka goge, kai ne za ka tsaya a ƙofar asusunka babu makulli. Move to iOS ba ya ɗauko su. Ka buɗe Google Authenticator a Samsung, ka shiga sashen Transfer, ka zaɓi Export, zai fito da hoton QR. Ka sauke manhajar a iPhone ka yi sikanin ɗinsa. Tun 2023 yana iya ajiye su a asusun Google ma, amma ko da haka ka ajiye wayoyin biyu gefe da gefe ka duba: lambobin suna canzawa duk daƙiƙa 30, kuma dole su zama iri ɗaya a fuskokin biyu, asusu bayan asusu. Microsoft Authenticator daban yake, ajiyarsa ta Android ba ta buɗuwa a iPhone, sai ka shiga kowane asusu ka sake haɗa shi da sabuwar waya.

Kafin ka fara komai, ka shiga sashen tsaro na asusunka na Google ka fitar da lambobin ko-ta-kwana (Backup codes). Guda goma ne, kowace ƙwaya takwas, kowace sau ɗaya take aiki. Ka rubuta su a takarda. Dalili kuwa, idan za ka shiga Gmail a sabuwar waya, Google tsohuwar wayar yake aika wa tambayar ko kai ne.

Manhajojin banki da yawa suna ɗaure da wayar da aka yi rajista a kanta. Sai ka sauke ta sabuwa ka bi matakan tantancewa, galibi da lambar da ake turowa ta tes. Yatsa ko fuskar da ka saita a Samsung ba sa ƙaura, saboda haka ka tabbata ka san kalmar sirrin da kanka, ba yatsanka ne ya riƙe maka ita ba. Manhajar da ka saya a Play Store ba ta biyo ka App Store, shagunan biyu ba sa ga-maciji a kan wannan. Kuɗin wata-wata da ka ɗaura ta Play Store kuma zai ci gaba da fita ko an goge wayar, sai ka shiga Payments and subscriptions ka soke da hannunka.

Game da goge Samsung, ka ba ta aƙalla mako ɗaya a kunne tana kan Wi-Fi. Kafin gogewar ka fito da duk abin da ke Secure Folder, domin Move to iOS ba ya ganin cikinsa. Rubuce-rubucen Samsung Notes ka fitar da su a PDF ko ka kwafe zuwa Google Keep, don ba ta da 'yar'uwa a iPhone. In ka taɓa kulle mimorin da Encrypt SD card, ka buɗe shi tun wayar na da ranta, in ba haka ba makullin ya tafi da gogewar, kuma babu wayar da za ta sake karanta shi. Ka kashe RCS, tsarin aika tes ta intanet, a manhajar saƙonni. Sannan ka cire asusun Google da na Samsung daga Settings, sai ka goge. In aka goge ta da maɓallan gefe alhali asusun na ciki, za ta tsaya tana neman kalmar sirrinka, ƙanen naka ba zai iya wucewa ba.

Ɗan Koyo

Allah ya saka da alheri, Malam da Malama. Na duba, WhatsApp ɗin 19GB ne. Malam, na ga ba ka sa lambobin mutane cikin abin da zan zaɓa ba, da gangan ne? Kuma in iPhone ba ta karɓe ni ba, komawa Android zai yi wuya? Ina da Galaxy Watch ma.

Baban Yara

Da gangan ne, in na fahimce shi, kuma ina bayansa. Lambobi a Android wuri uku suke zama: a sim, a cikin wayar kanta, ko a asusun Google. Ka buɗe Contacts, Manage contacts, ka tattara na sim da na waya duka ka mayar da su asusun Google. Ka shiga contacts.google.com ka ga adadin ya yi daidai da na wayar. A iPhone sai kawai ka ƙara asusun Google a Settings ka kunna Contacts, su sauko da kansu. In ka kwaso su ta Move to iOS kuma ka kunna na Google, kowane suna zai iya fitowa sau biyu. Kada ka dogara da sim: lamba ɗaya yake riƙewa ga kowane suna, yana gutsure dogayen sunaye, kuma iPhone tana iya karanta shi amma ba ta rubutu a kansa.

Wani ɗan saiti da mutane ke tsallakewa shi ne Default Account a sashen Contacts. Ka sa shi a Gmail. In ka bar shi a iCloud, tsofaffin lambobi na Google, sababbi na iCloud, ranar komawa ka tarar da rabi. Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu ma: duk abin da ka bari a manhajar da ke aiki a ɓangarorin biyu, irin Gmail, Google Photos, Keep da ajiyar kalmomin sirri ta Chrome, ba ya buƙatar ƙaura ko ta wane gefe.

Komawar tana yiwuwa. WhatsApp yana tafiya daga iPhone zuwa Android tun 2021, ta kebul, kuma a can ma sai wayar tana saitin farko. Abu biyu ke cizon masu komawa. Na ɗaya iMessage, tsarin saƙonni na Apple: in ba ka kashe shi da FaceTime, manhajar kiran Apple, kafin cire layi ba, masu iPhone za su yi ta aiko maka saƙo yana tafiya inda ba ka nan. Na biyu Optimize iPhone Storage: idan yana kunne, cikakkun hotunan suna iCloud, na wayar ƙanana ne, sai ka sauko da na asali kafin ka kwashe. Kyamarar iPhone kuma a tsarin HEIC take ajiye hoto, in kana yawan kai hotuna tsofaffin kwamfutoci ka zaɓi Most Compatible a saitin kyamara, ta koma JPEG.

Agogon ya danganta da samfuri. Daga Galaxy Watch4 zuwa sama ba sa haɗuwa da iPhone ko kaɗan, gara ya bi Samsung ɗin zuwa hannun ƙanenka. A kwalin iPhone 13 kebul ne kawai mai USB-C a baki ɗaya da Lightning a ɗayan, babu kan caja. In kan cajar Samsung ɗinka mai ramin USB-C ne, zai yi aiki da shi.

Mai Sukudireba

Haka ne, Baban Yara ya faɗi abin da nake nufi. Da na ga 19GB ɗin nan kuma sai na tuna wani abu. Bayan ƙaura, hirarrakin a cikin iPhone kawai suke, ba sa hawa iCloud sai ka kunna Chat Backup da kanka. iCloud na kyauta 5GB ne, ba kamar 15GB na Google ba, kuma WhatsApp yana neman wurin da ya haura ninki biyu na nauyin ajiyar kafin ya yarda ya fara. To ko dai ka ƙara wuri a iCloud, ko ka kashe Include Videos ka rage kaya sosai tun a Samsung. Kada ka goge tsohuwar wayar sai ka ga kwanan wata da nauyin ajiya sun bayyana a ƙarƙashin Last Backup a iPhone, kuma ka buɗe tsofaffin hirarraki uku ko huɗu ka kunna saƙon murya ka ji yana magana.