"Kama da wane ba ta wane": har itace ma ana yi masa wannan karin?

Ɗan Lambu: Assalamu alaikum jama'a. Wani itace ne ya tsiro a gefen lambuna, ba ni na shuka shi ba. Ganyensa kamar na darbejiya, amma da ya yi fure sai ga shi ruwan malmo mai haske. Na ce wa kawuna darbejiya ce, sai ya ce, "Kama da wane ba ta wane." Wannan karin ba mutane kaɗai ake yi wa ba? Sannan itacen nan ɗan ƙasa ne ko baƙo?

Malam Tsoho: Wa alaikumus salam. "Wane" dai mutum ne. Akan faɗe shi idan yaro ya ɗauko kamannin wani babban malami ko attajiri, amma babu ilimin, babu dukiyar. A kan itace kuwa, kunnena bai saba ba.

Hajiya Mai Kwaɗo: Haba Malam! Mu a madafa kullum sai mun faɗa. Ka aiki yarinya ta tsinko tafasa, ta dawo maka da rai ɗore. Ganyen tafasa shida ne a kara, bakinsa a zagaye. Na rai ɗore mai tsini ne, ga wari in ka murza. Me za ka ce mata in ba wannan karin ba?

Na Gandun Daji: Ɗan Lambu, tsinko ganye ɗaya ka duba. Na darbejiya kara ɗaya ne, ƙananan ganye sun jeru hagu da dama, furenta kuma fari ne. Idan karan ya sake yin rassa, kowanne da nasa ganyayen, ga fure ruwan malmo, to kurnar nasara ce. Wata alamar, 'ya'yanta masu ruwan ɗorawa sukan daɗe a rataye bayan ganye ya zube. Don Allah ka hana yara da awaki zuwa wurin, 'ya'yan nan guba ne.

Batun ɗan ƙasa kuma, duk biyun baƙi ne daga Asiya. Darbejiya 'yar yankin Indiya ce, a zamanin Turawa aka kawo ta Borno a 1928, ta hanyar Ghana. A danginsu, maɗaci ne namu na asali.

Malam Tsoho: Darbejiya baƙuwa? Itacen da muka yi karatun allo a inuwarsa! To, Hajiya, na ba ki tafasarki. Amma akwai abin da kuka tsallake. Karin nan yana ɗora ɗaya bisa ɗaya: wane shi ne babba, mai kama da shi kuwa bai kai ba. In duk biyun baƙi ne, wa ya naɗa darbejiya wane?

Hajiya Mai Kwaɗo: Amfaninta ya naɗa ta, Malam. Asuwaki da ita, a dafa ganyenta a yi surace in zazzaɓi ya kama mutum, a zuba busasshensa cikin wake saboda ƙwari. Karin bai tambayi garin da wane ya fito ba.

Na Gandun Daji: A nan kam ina tare da Hajiya, sai dai kada mu yi wa darbejiya kirari da yawa. Jemagu da tsuntsaye suna baza irinta ko'ina, inda ta yi yawa sai ta danne ƙananan itatuwanmu. Manomi zai bar gawo a tsakiyar gona don yana gyara ƙasa, amma ita sai a bakin iyaka.

Ɗan Lambu: Na duba, karan ya yi rassa. In sare ke nan?

Hajiya Mai Kwaɗo: In akwai yara masu shiga lambun, ɗana, sare ta tun ba ta yi 'ya'ya ba.