Neman kalma: kwazazzabo, bakan dutse, da abin da Amurkawa ke kira "frontier"

Masu aikin fassara, ina neman shawararku a kan kalmomi uku da suka taso mini a cikin wani rubutu game da Red River Gorge, wurin yawon buɗe ido da ke gabashin jihar Kentaki ta Amurka, cikin gandun dajin da aka sa wa sunan Daniel Boone, wani shahararren Bature mafarauci mai buɗe hanyoyi. Biyu daga cikinsu ina ganin mun kusa daidaitawa, ta ukun ce ke buƙatar natsuwa.

Kalmar "gorge" ba ta da wahala, domin kwazazzabo ne. Kwari ya yi faɗi da yawa, shi kuwa wannan wuri kogi ne ya yi shekaru aru-aru yana zaizaye dutsen yashi har ya bar bangaye masu tsayi hagu da dama.

Sai "natural arch", wanda akwai irinsa fiye da 100 a yankin. Ruwa kan shiga tsagar dutse, ya daskare a lokacin sanyi ya ƙara buɗa ta, sashen ƙasa mai laushi ya riƙa marmashewa yana zubewa, na sama mai tauri ya tsaya a lanƙwashe, har mutum ya tsaya a ƙarƙashinsa ya hango sararin sama ta ɗaya gefen. Wasu za su ce gadar dutse, kuma suna da hujja, tun da shahararren cikinsu a can, mai tsawon ƙafa 78 da tsayin ƙafa 65, sunansa Natural Bridge, ana ma tafiya a kansa. Sai dai gada a kunnen Bahaushe abar ƙetare ruwa ce, alhali yawancin waɗannan a kan tsauni suke, babu ko rafi a ƙarƙashinsu. Ni na fi son bakan dutse. Maginanmu na gargajiya sun daɗe suna kiran lanƙwasar da suke ɗaurawa da azara a soro baka, ko bakan gizo, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga kai a zauren ɗaurin guga ya san siffar. A bar gadar dutse ga wanda ruwa ke bi ta ƙarƙashinsa.

Ta ukun ita ce "frontier", wato gefen ƙasar da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka kai yayin da suke kutsawa yamma, wadda ba za a iya ba da tarihin yankin ba tare da ita ba. A shekarar 1775 Daniel Boone ya jagoranci masu sare hanya ta mashigin tsaunuka na Cumberland, suka kafa Boonesborough a bakin kogin Kentaki, ba da nisa sosai da kwazazzabon ba. Ginin kansa kafi ne, wato shingen gumagumai da aka kafe kewaye da gidaje, irin wanda ya bar suna a Keffi da Kafin Hausa. Amma yankin da kafin yake fa, me za mu kira shi?

Iyaka ba ta isa ba, saboda iyaka tsayayya ce tsakanin ƙasashe biyu da suka san da zaman juna, wannan kuwa kullum matsawa take yi yamma, har hukumar ƙidayar Amurka ta bayyana bayan ƙidayar 1890 cewa ba a iya shata layinta kuma. Ribaɗi ya zo kusa, domin garuruwa irin su Wurno, waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a gefen daula, su ma zama ne da tsaro a haɗe, amma kalmar tana ɗauke da ma'anar addini da ba ta dace da masu neman gona da fatun dabbobi ba. Wadda nake roƙon mu guje mata ita ce bakin daji. Tana da daɗin faɗi, amma tana nuna kamar babu kowa a gaba sai namun jeji, alhali ƙasar wurin farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee ce, 'yan asalin Amurka, kuma a watan Satumba na 1778 mayaƙan Shawnee ƙarƙashin shugabansu Blackfish sun yi wa Boonesborough ƙawanya ta kwana goma ko kusa da haka. Kalmar da za ta shafe su daga labarin ta ɗauki ɓangare tun kafin mai karatu ya fara karatu.

Shawarata ita ce bakin mamaya, a kan ƙirar bakin daga da bakin kasuwa, wato gefen da mamayar baƙi ta kai a wani lokaci. Na san za a ce mamaya ta yi zafi ga rubutun yawon buɗe ido, kuma a shirye nake in saurari wadda ta fi ta sanyi, muddin ta nuna cewa wurin yana matsawa kuma akwai mutane a ɗaya gefen. Ina so musamman in ji daga 'yan'uwa na Damagaram da Katsina ko dattawansu suna da tsohuwar kalma ga irin wannan yanki da ke tsakanin ƙasashe biyu masu gaba.