Abin da aka tsayar kan gudu a layin gyara

Matasan Katsina masu sha'awar tseren mota sun zauna da wasu kanikawa a wani gareji kusa da Ƙofar Ƙaura, aka tattauna kan layin da motoci ke shiga don canjin taya ko shan mai. Nan ne mutane ke tsaye da ƙafa, don haka nan hatsari ya fi muni.

Wani dattijon bakanike ya tuna musu cewa ko a Formula 1, babbar gasar tseren mota ta duniya, sai bayan tseren Imola na ƙasar Italiya a 1994 aka sa dokar iyakance gudu a wannan layin lokacin tsere, da taya ta ɓalle ta raunata kanikawa. Yanzu iyakar can kilomita 80 ce a awa, wasu wuraren kamar Monako 60. Motocinsu na da maɓallin da ke riƙe gudun. Namu kuwa sai ƙafar direba, don haka aka ce kada a wuce 40.

Maganar aunawa ce ta fi ɗaukar lokaci. Ba sai an sayi na'ura ba: a ja layi biyu da farin fenti, tazarar mita 200, mutum ɗaya ya riƙe agogon waya. Mai tafiya a 40 zai ɗauki daƙiƙa 18. Duk wanda ya iso kafin haka ya karya doka.

Hukunci kuwa, wasu sun so tara, amma ɗan mai kuɗi zai biya yana dariya. A ganina masu cewa a tsayar da motar daƙiƙa 30 sun fi gaskiya, in ya maimaita a fitar da shi. Sannan a ajiye abin kashe gobara, a hana yara da 'yan kallo shiga layin.