Don Allah masu harkar lantarki, hancin roba na ya ƙi bambance wari

Salam 'yan uwa, ina neman taimako. Ina haɗa wata 'yar na'ura ce a nan Kaduna da za ta riƙa shinshina tumatir ta gane wanda ya fara ruɓewa tun kafin ido ya gani, saboda asarar da 'yan gwari ke tafkawa. Dabarar irin ta hancin mutum ce, shi ma ai masu karɓar wari kusan iri 400 gare shi, ba ɗaya ke gane komai ba, haɗuwarsu ce ƙwaƙwalwa ke fassarawa. Shi ya sa na jera sensa masu gano gas a cikin iska, MQ-3 da MQ-135 da MQ-2, a kan Arduino (ƙaramin allon kwamfuta) cikin wani bokitin roba mai murfi.

To matsalar ita ce lambobin da sensa ɗin ke bayarwa ba sa tsayawa waje ɗaya. Tumatir guda, da safe lamba daban da rana daban, kuma tunda hunturu ya shigo iska ta bushe sai abin ya ƙara lalacewa, abin da na koya wa kwamfuta da damina yanzu gaba ɗaya ba ya aiki, har lafiyayyen tumatir cewa take ruɓaɓɓe ne. Na bar sensa ɗin a kunne awa 48 su yi zafi kamar yadda takardarsu ta ce, na kuma ba su wuta daban don hitar cikinsu na jan wuta sosai, duk a banza.

Na sa DHT22 yana auna zafi da laima amma lissafin cire tasirinsu ne ya gagare ni. Ko bokitin ne ke riƙe warin jiya? In koma kwalba? Wanda ya taɓa yi don Allah ya nuna min hanya.